Lissafin Bayan Isha'i

Na yi shekara ashirin da 'yan kai ban taɓa kwanciya ba sai na rufe littafi. In an sallame isha'i sai in shige ɗaki in turo ƙofa, in zazzage jakar ciniki a kan darduma. 'Yan jaka goma gefe guda, 'yan jaka biyar gefe guda (a wajenmu jaka ɗaya sefa dubu ce), tsaba kuma a gwangwanin madara. Sannan in jawo littafi: turmi nawa ya fita, wa ya ɗauki bashi, wa ya kawo cikon na jiya, nawa mota ta ci a hanya. In dala biyar ta yi ɓatan dabo, to ranar babu barci sai na gano inda ta maƙale. Uwargida kan ajiye kwanon tuwo a bakin ƙofa, ta yi sallama sau ɗaya ta koma, don ta san ba a yi mini magana a wannan lokaci. Sau da yawa sai miya ta daskare kafin in waiwaye ta.

A kasuwa yabona ake yi da wannan hali. Ana cewa Alhaji ba ya wasa da lissafi. Ni ma ina jin daɗin a faɗa.

A Garwa ta ƙasar Kamaru aka haife ni, a 1968. Kakana daga ƙasar Katsina ya zo da fataucin goro da kanwa, zamanin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina su sauke gishiri da siminti, su koma da auduga da gyaɗa. Ya ga gari ya karɓe shi, ya zauna. Mu muka tashi da Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a lekwal, wato makarantar boko, wanda ni aji huɗu kawai na yi na gudu. Babana tela ne. Yana da 'yar rumfa da keken ɗinki irin na ƙafa, kuma shekara tara ya yi yana tara kuɗin Makka a wata tsohuwar adaka da ke ƙarƙashin gadonsa.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa. Da yamma faran ɗaya na Faransa sefa hamsin ne, gari ya waye ya koma ɗari. Duk abin da ake biya da kuɗin waje ya ninka, har da kujerar hajji. Ina da shekara ashirin da biyar, na ruga rumfarsa na same shi yana ɗinka wuyan wata riga.

Na ce, "Baba, ka ji abin da rediyo ke faɗa?"

Ya ce ya ji.

"To yanzu kuɗin kujera fa?"

Ko ƙafarsa bai ɗaga daga kan keken ba. Ya ce, "Mai Ɗakin bai kira ba tukuna. Miƙo mini almakashi."

Na miƙa masa, amma raina ya ɓaci ƙwarai. A ganina wannan mutuwar zuciya ce. Mutum ya yi shekara tara yana ƙuntata wa kansa, a dare ɗaya a raba gumin nasa biyu, ya ce a miƙo almakashi! Ranar na ƙudurta cewa ni ba zan yi irin rayuwarsa ba, zan tara abin da ko an raba shi biyu rabin zai ishe ni. Ya rasu a 2003 bai je Makka ba. Allah ya jiƙansa. Ba a daɗe da yin sadakar arba'in ba na sayar da keken.

Atamfa na kama. Ina saro kaya daga Kantin Kwari ta Kano, a sauke mini a Mubi, daga nan a tsallako da su ta Mayo Ulo da Gider har Garwa. In watan Maris ya gabato in kama atamfar bikin mata ta 8 ga wata, wadda kamfanin yadi na CICAM ke bugawa a lokacin, in sayar kamar ana rabon sadaka. Allah ya buɗa. Shago ɗaya ya zama biyu, na gina gida, na sayi fili, na sayi mota. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin, yanzu kuma ba na ɓoye shi: in mutumin ƙauye ya zo haɗa lefe, na lura bai san kaya ba, nakan miƙa masa ɗan China a kuɗin Holan, in haɗa masa da rantsuwa. Ba kullum ba. Amma wanda ya yi sau ɗaya ya san ba a tsayawa a ɗaya.

A 2009 na tashi daga filin jirgin Garwa zuwa hajji. Da kunya nake faɗar wannan: a Arfa, mutane na ɗaga hannu suna kuka, ni ma hannuna a sama yake, amma zuciyata tana Jidda tana lissafin abaya dozin nawa zan iya cusawa a jaka ba tare da an caje ni kuɗin awo ba. Wurin da Baba ya yi shekara tara yana mafarki ke nan. Na dawo aka yi walima, aka fara ce mini Alhaji.

Ya kamata a gane wani abu a nan, don masu jin labarina sukan ɗauka asara ce ta hana ni sukuni. Tun ina kan ganiyata ba na barcin kirki. In ciniki ya yi kyau, tsoro nake kada gobe ya ƙi. In ya ƙi, ba sai na faɗa ba. Murnar mota sabuwa mako biyu ta yi mini, ranar da na ga ta wani ta fi tawa shi ke nan. Akwai wani hoto da aka ɗauke mu ranar sunan 'yata ta uku, kowa na dariya, ni kuwa kamar wanda aka aiko wa sammaci. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska.

Akwai kuma yaron shagona. Ubansa ne ya kawo mini shi daga Gider yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya damƙa mini amana, muka yi magana a gaban mutum biyu cewa in ya kai munzali zan sallame shi da jarin miliyan ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ya yi mini. Shi ke buɗe shago, shi ke rufewa, shi ke kwana a kan kaya in mota ta lalace a daji. Ban taɓa kama shi da ko dala ba, ni da ba na barin dala ta wuce. Da lokacin sallama ya yi, ubansa ya rasu, shaidu ɗaya ya rasu ɗaya ya bar gari. Na ƙirga jaka ɗari uku na ba shi, na haɗa masa da kwantan atamfa da ya shekara uku a shago, na yi wa kwantan kuɗi a bakina na ce ya cike miliyan. Ya dubi kayan, ya dube ni, ya durƙusa ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara arziki." Ya tafi. Daren na rufe littafi da riba.

Bai zauna a atamfa ba. Ya koma sayar da wayar hannu, daga tebur ya koma shago, daga shago ya fara zuwa Dubai da China da kansa. Cikin shekara shida sunansa ya fi nawa a kasuwa.

A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi. Ina da kayan ƙarshen shekara a can, fiye da rabinsu bashi ne na amana daga Kano, suna jiran mota. Mutanen gari suka watse, wasu ta kan duwatsu suka tsallako Kamaru da ƙafa. Da sojoji suka ƙwato garin a watan Nuwamba, wanda na aika ya dawo ya ce ɗakin ajiyar ƙofa ma babu. Ni dukiya na rasa. Wasu rayuka suka rasa, wasu har yau ba su ga 'ya'yansu ba, amma a lokacin ko wannan ban iya gani ba. Hanya ta mutu, kasuwa ta yi sanyi, masu bashi kuwa ba su mutu ba. Na sayar da fili, na sayar da mota, na saki shago ɗaya. Likita ya ce jinina ya hau, ya ɗora ni a kan magani. A gida na zama kura: yara na jin tafiyata sai kowa ya nemi lungu.

Inna ce ta fara yi mini magana. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Wata rana na je gaishe ta, ta daɗe tana kallona, ta ce, "Mai sunan Malam, je ka ga kawunka." Na ce lafiya? Ta ce, "Je ka dai."

Kawu ƙaninta ne. Turare da carbi da asuwaki yake sayarwa a kan tabarma a ƙofar masallaci, jarinsa duka bai kai kuɗin turmi biyar ba. Ya yi karatun zaure mai zurfi wurin wani modibbo, amma ba ya wa'azi, ba ya ba da laya. Ni a da ina yi masa kallon irin Baba, mutanen da duniya ta wuce ta bari. Na je ne don kada in saɓa wa Inna, kuma a raina ina fatan ko zai ba ni wani laƙani na buɗin kasuwa.

Na zauna na zayyane masa komai, da alƙaluma, don a kaina suke: abin da ya salwanta a Mubi, abin da na biya, abin da ya rage. Yana saurare yana ɗaure bakin wata kwalbar turare da zare. Da na gama ya ce, "Kai, ɗan nan, ka iya lissafi. Kullum kake yi?"

Na ce kullum, bayan isha'i.

"Na shago."

Na ce na shago mana.

"To na mai shagon fa, wa ke yi?"

Ban gane ba, sai ya yi mini bayani da yaren da nake ji. Ya ce Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan hijira, da ɗan kasuwa ya buga misali a wannan babi. Mutum da ransa kamar mai jari ne da abokin cinikinsa. Da safe ka gindaya masa sharaɗi, da rana ka sa masa ido, da dare ka zaunar da shi ku yi lissafi, in ya ci amana ka tuhume shi. Jarin kuwa numfashinka ne, kuma kullum raguwa yake yi. Ya karanto mini ayar Suratul Hashri, ta goma sha takwas, inda Allah ke cewa kowane rai ya dubi abin da ya gabatar domin gobe. Ya kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Duk na sha jin waɗannan a wa'azi. Ban dai taɓa jin su daga bakin wanda ya san ina da littafi a ɗaki ba.

Ya ce, "Yaron shago da ka bari shekara arba'in ba ka taɓa buɗe masa littafi ba, me kake tsammanin za ka tarar?"

Azumin 2016 ya kama a watan Yuni, damina ta fara sauka. Kawu ya ce in shiga i'itikafi tare da shi a goman ƙarshe. Na ce shago fa? Ya ce shagon da ba ciniki? Daren ashirin da ɗaya na shiga da tabarma da buta da Alƙur'ani. A bakin ƙofa ya miƙo hannu ya ce in ba shi waya. Ya kashe ta ya jefa a aljihunsa, ya ba ni wani littafin 'yan makaranta mai shafi talatin da biyu da biro.

Kwana ukun farko azaba ce. Ban san kaina yana da hayaniya haka ba sai da na rasa abin da zan rufe ta da shi. In na tayar da salla, kafin in kai ƙarshen Fatiha na je Kano na dawo. In na ɗauki carbi, yatsuna na ja, zuciyata na jayayya da wani mai bina bashi, ina shirya amsar da zan ba shi. Sauro ga shi nan, ga tsofaffi masu minshari. Na ce wa Kawu ni kam wannan abu ba nawa ba ne. Ya ce kada in kori tunanin, in dai lura da wanda ya fi yawan zuwa, kamar yadda mai shago ke gane wanda ke yawan zarya a ƙofarsa.

Na lura. Na ɗauka Mubi ce za ta fi zuwa, ko masu bashi. Ashe fuskar yaron nan ce. In gan shi a sabuwar motarsa, in gan shi ana ba shi hannu biyu a ɗaurin aure, in ji ana cewa ai yaron Alhaji ne a da. Kowane zuwa da ɗaci yake zuwa.

Dare na biyar aka yi ruwa mai ƙarfi, wuta ta ɗauke. Ina zaune a kusurwa, jikin ginshiƙi, na kunna 'yar tocila na buɗe littafin da har lokacin ban rubuta komai a ciki ba. Na ce bari in yi yadda na saba. Na ja layi a tsakiya. Dama, abin da ya shigo. Hagu, abin da ya fita daga hannuna da bakina. Na fara da dama ina ganin ba zan cika layi uku ba, mutumin da ya karye. Na rubuta Inna tana raye. Na rubuta gida nawa ne, ba haya ba. 'Ya'ya bakwai, babu wanda na binne. Ranar da aka shiga Mubi ya kamata ina can, zazzaɓi ya kwantar da ni na ɗaga tafiyar. Shekara ɗaya da rabi ban taɓa tuna wannan ba sai daren. Shafi ya cika na juya.

Hagu ce ta ƙi rubutuwa. Biro na hannuna, na san abin da zan rubuta, hannu ya ƙi. Da ƙyar na rubuta: jaka ɗari bakwai. Na zauna ina kallon lambar. Sai na ga abin da ya sa arzikin yaron ke ƙona ni. Duk ƙaruwar da ya yi shaida ce a kaina. Na so a ce ya lalace, don in ce wa kaina ko na ba shi miliyan ɗin ma da ɓarnatarwa zai yi. A ƙarƙashin lambar na rubuta kalmar da ban taɓa zaton za ta hau kaina ba, hassada. Ni da nake cewa mutane ke yi mini ita.

Na yi kuka daren, irin wanda ban yi ba ranar da aka binne Baba. Kawu na jin ni, bai zo ba. Da asuba ya turo mini kofin kunun gyaɗa na sahur, ya ce, "An buɗe littafi ke nan."

Bayan salla da kwana huɗu na tafi shagon yaron. Sau biyu ina kaiwa bakin layin ina juyawa. Da na shiga ya miƙe da sauri, ya kori wani daga kujera, ya aika a kawo lemo. "Baba, da kanka? Ai da ka aiko na zo." Na ce ya sallami yaransa. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, ban yi kwana-kwana ba: alkawari miliyan ne, na ba ka ɗari uku, kwantan da na haɗa maka ni da kai mun san bai kai komai ba, ina neman gafara kuma zan biya.

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Baba, ranar nan da na fita daga shagonka, a bakin gada na zauna har magariba ina kuka. Kayan nan jaka sittin na sayar da su. Na je gida na ce wa tsohuwata zan kai ƙara wurin Lamiɗo, ta ce in na kai wanda ya ciyar da ni shekara goma sha ɗaya ƙara ba ta yafe mini ba. Shi ya sa ka ji shiru."

Ya ce ya yafe. Amma ga inda na ƙara ganin halin raina. A hanya na riga na tsara yadda za ta kasance: zai ce haba Baba, bar kuɗin, ni Allah ya rufa mini asiri, ni kuma in fito da sauƙin zuciya da aljihuna cike. Sai na ji ya ce, "Kuɗin kuwa zan karɓa, don haƙƙina ne. Ka kawo yadda ya sawwaƙa." Wallahi sai da na ji wani abu ya tokare ni. Mutum mai zuwa Dubai zai karɓi jaka ashirin-ashirin daga hannun karyayye! Daren na rubuta a hagu: na je neman gafara ne ko na je neman rangwame? Shekara uku na yi ina biya. Kowane wata in kai da kaina, ya buɗe nasa littafin ya rubuta a gabana, yadda na koya masa.

Na uwargida ya fi wannan gajarta, ya kuma fi zafi. Na ce mata ta yafe mini zaman da muka yi. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Alhaji, talaucinka bai taɓa damuna ba. Da kana da shi ma ai ba mu gan ka ba." Daga ranar na daina cin tuwo ni kaɗai a ɗaki.

Masu lefen da na cuta, yawancinsu ban san inda suke ba. Na tambayi malamai, aka ce in ƙiyasta in yi sadaka da niyyar ladan ya je musu. Ina kan yi.

Akwai ramin da na faɗa daga baya, gara in ambace shi don mai son gwadawa. Da na ɗanɗana abin, sai na zarce. Na koma ina awa biyu a kan littafi, ina tono laifin shekara talatin, ina shakkar kowace niyya, har alwala sai in yi ta maimaitawa. Ƙuncin da na gudo daga gare shi ya dawo da rawani. Kawu ya ce wannan waswasi ne, kuma wani salo ne na son kai, mutum ya wuni yana kallon kansa ko da da sunan tuhuma ne. Ya yanka mini ƙa'ida: kada ya wuce rubu'in awa. A fara da dama kafin hagu. Abin da ke tsakaninka da Allah ka yi istigfari ka ja layi, kada ka sake buɗe shi. Abin da ke tsakaninka da mutum ka rubuta ranar da za ka je. Sannan ka rufe, ka kwanta. Ya ce Allah da ya rantse da rai mai yawan zargin kansa a Suratul Ƙiyama, Shi ne kuma ya kira rai mai natsuwa a ƙarshen Suratul Fajri. Zargin nan hanya ce, ba a gina gida a kanta. Maganin hawan jini kuma ya ce kada in kuskura in bari, zikiri bai hana shan magani ba. Har yau ina sha.

Arziki bai dawo ba, kada wani ya zaci can labarin ya nufa. Shago ɗaya ne, rabinsa ma na ba wani haya yana sayar da takalma. Babur nake hawa. Lokacin gasar ƙwallon Afirka a farkon 2022, da aka buga wasu wasannin a filin Rumde Ajiya, gari ya cika da baƙi, na yi cinikin da na daɗe ban yi ba. Na ji daɗi sosai, na saya wa yara kifin Lagdo manya guda biyu, kuma da baƙi suka watse ciniki ya koma yadda yake ban rasa barci ba. A nan na gane wani abu ya canja. Da can daɗi da tsoro tare suke zuwa mini, kamar an ɗaure su da igiya ɗaya.

Ba kullum nake cikin fara'a ba, kuma ba na yarda da mai cewa shi kullum haka yake. Inna ta rasu a 2020, Kawu ya bi ta bayan wata goma sha ɗaya. Na yi baƙin ciki har na rame. Amma ko a cikinsa akwai wani wuri a ƙasan zuciyata da bai girgiza ba, kamar yadda Binuwai ke janyewa a watan Afrilu har yara su riƙa wasa a kan yashi, amma in ka tona da hannu ka tarar da ruwa. Ayar nan ta Suratur Ra'adi da ke cewa da ambaton Allah zukata ke natsuwa, tun ina makarantar allo na haddace ta. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wadata ba yawan kaya ba ce, wadatar zuci ce wadata, har a jikin motoci na sha karanta irinsa. Ina ganin abin da ya hana su aiki a kaina shi ne ina zuba su ne a kan jaka ɗari bakwai na wani.

Na kan tuna Baba da almakashinsa. Shekara ashirin da biyu na yi ina ce wa abin da na gani ranar mutuwar zuciya. Na nemi keken nan, na bi sawun wanda na sayar wa, aka ce ya koma Ngaundere da shi tun tuni.

Littattafan yanzu sun kai goma sha ɗaya, suna cikin adakar Baba. Na bar wasiyya a ƙona su ba tare da an buɗe ba. Kwanakin baya jikata ta same ni ina rubutu, ta ce, "Kaka, masu bashi ne?" Na ce eh. Ta ce, "Su waye ba su biya ka ba?" Na ce ta je ta kwanta.

Shafin jiya ba shi da yawa. A dama na rubuta ruwan da aka yi da la'asar, da ɗana na biyu da ya kira daga Marwa ba don yana son komai ba. A hagu abu biyu ne. Tsohon yarona ya wuce ta gaban shago a wata mota da ban san shi da ita ba, ya tsaya ya gaishe ni, na amsa da fara'a, amma da ya tafi na ji ɗan tsinken nan ya motsa. Na yi masa addu'ar ƙarin buɗi sau uku kafin ya kwanta. Na biyu, wata mata daga Pitowa ta sayi turmi biyu, na ba ta canji, sai da ta tafi na ga ɗari biyar ɗinta ta maƙale a ƙarƙashin ma'auni. Na san rumfar da mijinta ke sayar da albasa. Kasuwar Pitowa ranar Lahadi take ci, na sa kuɗin a aljihun gaba na rigar da zan sa.